An Buɗe Ƙofa Sau Goma Sha Ɗaya

Litinin, 22 ga Satumba, bayan la'asar

Motar Hamani ta iso Agege yau da hantsi, a makare da kwana biyu. Kafin ta gama juyawa a cikin gareji ƙudaje sun riga mu jin labari. Naman shanu ashirin da huɗu ne daga Sakkwato, rataye a ƙugiya. Da Hamani ya zare sakata ya ja ƙofa, mahautan da suka zo da baro suka ja da baya suna toshe hanci da wuyan riga. Ni kaɗai na hau, don aikina ne. Na soka ma'aunin zafi a cinya ta farko, ya nuna digiri goma sha tara. Huɗu ya kamata in gani. Na soka a ta biyu don kada a ce ban yi ba. Kusa da ƙashi naman ya yi kore-kore, yana yauƙi.

Likitan dabbobi ya zo da azahar. Leƙawa kawai ya yi, ya sa hannu a takarda. Aka zuba wa nama kananzir, aka tafi da shi a binne.

Alhaji Na'Allah, mai motar, bai ce uffan ba. Ɗansa Jamaluddeen, wanda muke kira Manaja, shi ya yi maganar duka. Ya ce Hamani ya kashe injin sanyi a hanya ya sayar da dizal. A gaban mahauta ya faɗa, da masu baro, da matar da ke sayar da lemo a bakin get. Hamani ya ce, "Wallahi, patoron, ban kashe ba." Patoron shi ne mai gida a Hausarsa ta ƙetaren iyaka. Sau uku ya faɗa, bai ƙara komai a kai ba.

Ya dube ni sau ɗaya. Na duƙa ina goge ma'auni.

Talata, 23 ga Satumba, da safe

'Yan sanda sun tafi da Hamani. Shekara tara yana jan motar Alhaji, ko madubi bai taɓa fasawa ba.

Talata, bayan magariba

Na wanke cikin motar da ruwa jarka shida, warin bai fita ba. Yana rigata, yana gemuna. A masallaci wanda ke kusa da ni a sahu ya ɗan matsa.

Na yi difloma a kan injin sanyi a Kaduna lokacin da uban Manaja yake tallan tsire. Na yi shekara ashirin a wani kamfanin kifi a Apapa, ina da ofis mai labule, har ranar da aka sa wa get kwaɗo aka ce mu dawo in an neme mu. Ba a neme mu ba. Yanzu ina da shekara sittin da uku, ina da benci a garejin Alhaji, da ɗaki ɗaya a bayan gareji, da ma'aunin zafi a aljihu. Ana ce mini Injiniya da irin muryar da ake ce wa gajere Dogo.

Laraba, 24 ga Satumba, da hantsi

Manaja ya kira ni ofis. Bai ce in zauna ba, na zauna.

"Baba Injiniya, 'yan inshora suna son rahoto. Layi biyu ma ya isa. Direba ya kashe inji, nama ya lalace, sa hannu, shi ke nan."

Na ce sai na duba loga.

"Wace loga kuma?"

Na ce wadda na yi wata shida ina roƙo kafin a saya.

Ya yi dariya ya juya mukulli a yatsa. "Duba abin da za ka duba, amma don Allah ban da lacca. Ba aji muke ba."

Na ciro ta daga bangon mota, na sa a aljihu. Ban je ko'ina da ita ba yau. Na ce wa kaina rana ta yi zafi.

Alhamis, 25 ga Satumba, bayan azahar

Na hau bas ɗin danfo zuwa Ikeja, wani mai kwamfuta ya buga mini abin da ke cikin loga. 'Yar na'ura ce kamar kwalin ashana, duk minti goma takan rubuta zafin da ta ji a cikin mota. Ba ta da dangi, ba ta jin kunyar kowa.

Inji bai mutu ba ko sau ɗaya. In inji ya mutu, layi yakan hau a miƙe, ba ya waiwaye. Wannan ba haka yake ba. Hamani bai taɓa dizal ɗin kowa ba.

Tun daga Sakkwato layin ya fara daga sama, digiri goma sha shida. Wato da ɗuminsa aka loda naman. Na kira mai ɗakin sanyi na can, ya ce an ɗauke wuta kwana biyu, janareto ya ƙi tashi, mahauta suka ce a loda kawai, ai motar ma firji ce. Shekara arba'in ina faɗa: motar sanyi ba ta sanyaya kaya, sanyin da aka ba ta take riƙewa. Na faɗa wa Turawa, na faɗa wa Indiyawa, na faɗa wa mutanenmu. Mutanenmu ne kawai suka ce Allah ya ƙara ilimi, sannan suka yi yadda suka saba.

Sai robar bakin ƙofa, wadda ta yage tun azumi. Sau uku na rubuta a canza ta. Sai yaron mota da aka sallama bara aka bar Hamani shi kaɗai da sitiyari.

Duk da haka inji ya yi ƙoƙari, ya ja zafin ƙasa har tara. Daga nan sai haƙora suka fara. Duk lokacin da aka buɗe ƙofa, iskar waje takan shiga, layi ya yi tsalle ya bar tsini kamar haƙorin zarto. Na ƙirga da bakin biro. Goma sha ɗaya. Motar nama sau biyu ake buɗe ta, ranar lodi da ranar saukewa. Kowace buɗewa tana shigo da laimar damina, laima ta daskare a fuskar inji, har ƙanƙara ta toshe inda sanyi ke fita. Inji na kuka, fanka na juyawa, sanyi ba ya zuwa ko'ina.

Bayan haƙori na bakwai layin bai sake sauka ba. Awa goma sha huɗu yana hawa a hankali. Loga ba ta san sunan garin da motar take a lokacin ba.

Ni na sani.

Juma'a, 26 ga Satumba, bayan sallah

An saki Hamani, Liman ya tsaya masa. Lasisinsa yana aljihun teburin Manaja.

Asabar, 27 ga Satumba, da safe

Bari in rubuta, tunda littafin nan ba mai karanta shi.

Kowa a unguwar nan ya san motar Hamani ita ce hanyar gida. In zai taso daga arewa, waya ba ta hutawa. Wannan ya ce ka tsaya Jega ƙanena zai ba ka ɗan ƙulli, wancan ya ce tsohuwata tana jiranka a bakin titi. Gaban mota ba ya ɗaukar buhu, don haka sai a buɗe baya a jera a ƙasa, ƙarƙashin nama, daidai inda iska ya kamata ta bi ta koma wa inji. Buhun da ya wuni a rana, da zafinsa. Kafin ya shigo gareji sai ya tsaya Iyana Ipaja a sauke a keke mai ƙafa uku, kowa ya aiko a ɗaukar masa nasa. Ba a biyansa. Sai dai a ce Allah ya kiyaye hanya. Na sha yi masa faɗa a kan wannan, a gaban mutane, da ƙarfi.

Ranar sha uku ga wata 'yata Raliya ta haihu, ɗan fari. Uwarta ba ta raye da za ta tsaya mata. Ƙanwata Umaima ta kira daga ƙauye ta ce ta tanadi sabon gero da kanwa da daddawa, mai jego ba ta yi da geron kasuwar Legas.

Na kira Hamani. Na ce, "Ɗan ratse ne bayan Kontagora, awa ɗaya ka dawo kan titi."

Ya ce, "Injiniya, ba kai ne ka hana buɗe ƙohwa ba?"

Na ce, "Sau ɗaya ba ya kashe nama."

Ni na faɗa. Da bakina, da diflomata.

An yi ruwa kwana uku a can. Hanyar ƙauyenmu ta haɗiye tayoyin baya har gindi, sai washegari aka samo tarakta.

Asabar, bayan la'asar

Ban je gidan Hamani ba. Na kai bakin lungu na juyo.

Lahadi, 28 ga Satumba, da hantsi

Na je. Ɗaki ɗaya ne da labule a tsakiya. Matarsa Ramatou ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta gaishe ni kamar yadda ta saba, har ƙasa. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Hamani ya rame a kwana uku. An aske masa gefen kai a can, bai faɗi dalili ba, ban tambaya ba.

Na ciro takardar loga na nuna masa. Na ce ga shaida, inji bai mutu ba.

Ya ce, "To mi ya kashe nama?"

Na ce zafin lodi, da roba, da ƙofa.

"Bon. In ka rubuta ƙohwa, sai a ce wa ya buɗe, don mi ya buɗe."

Na ce sai a faɗa.

Ya girgiza kai. "Saƙo amana ne, Injiniya. In na hwaɗi sunan mutum guda, na hwaɗi na goma. Albasar Liman tana ciki, daga Aliero. Ƙuli-ƙulin Sunusi mai shayi yana ciki. Shinkahwar Hajiya, tsohuwar patoron da kanta, buhu biyu daga Yauri. Ni baƙo ne a nan. Wanda ya tsaya mini wurin 'yan sanda, shi zan tona?"

Bai ambaci gero ba. Ya lissafa kowa, ya tsallake ni.

Daga bayan labule Ramatou ta ce, "Baba, yara sun dawo daga islamiyya jiya suna kuka. An ce musu 'ya'yan Mai Dizal."

Hamani ya ce, "Ke, yi shiru."

Ta yi shiru. Rediyon maƙwabta yana ta waƙar Yarbanci.

Litinin, 29 ga Satumba

Manaja ya tambayi rahoto. Na ce ina kai.

Talata, 30 ga Satumba, da safe

Teburin Sunusi ya cika yau, masu gadi da suka tashi aiki da 'yan acaɓa. Wani ya ce a ba shi shayi mai kauri, kada a yi masa irin na Hamani, a kashe wuta a sayar da madara. Aka bushe da dariya. Sunusi ma ya yi, yana ɗaga kofi sama yana zuba wa wani.

Na ce, "Sunusi, ƙuli-ƙulin nan na cikin roba, na ina ne? Ya yi kama da na gida."

Hannunsa ya tsaya, shayi ya zube a tebur. Sai ya ce, "Injiniya an tashi da ilimi yau. A ƙara maka suga?" Ya matso yana goge tebur, ya rage murya. "Ni ƙulli ɗaya ne nawa, a bakin titi aka miƙa. Ban sa mota ta shiga daji ba."

Ashe kowa ya sani. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na bar shayin na tashi.

Laraba, 1 ga Oktoba, bayan azahar

Hutu ne. Na je duba Raliya. Jaririn yana barci, ita tana zaune ta miƙe ƙafa, ga kwanon kunun kanwa a gabanta. Buhun yana bayan ƙofa, an sha kusan kwata.

"Baba, oya, sha mana. Geron gida ne fa, abi ba ka so?"

Na ce ina azumi. Ta dubi kalanda, yau Laraba, ta dube ni. A Legas aka haife ta, ba a yi mata ƙarya ta wuce.

Ta ce, "Na ji labarin Baba Hamani. Wannan buhun ne?"

Na ce har da shi.

Ta daɗe tana juya ludayi a cikin kwano. Na zaci za ta ce in je in faɗi gaskiya. Na ma shirya jin haka, ina so a tura ni.

Sai ta ce, "Baba, in suka kore ka, ɗakin gareji nasu ne. Mu nan ɗaki ɗaya ne, ka gani da idonka. Ina za ka kwana? Ƙarƙashin gada?" Ta share ido da gefen zani. "Ni ban ce a kawo mini gero ba o. Da na sani da akamu zan sha, kamar kowa."

Gaskiya ta faɗa. Ba ta ce ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Ruwa tun safe. Ban rubuta komai ba.

Juma'a, 3 ga Oktoba, bayan la'asar

Hamani ya je neman aiki wurare biyu, ɗaya a Ikeja, ɗaya wajen masu kifi. Ya ce a na biyun ko zama ba a ba shi ba, mai wurin ya juya masa fuskar waya. Hotonsa ne, tsaye a bakin motar ranar Litinin ɗin can, hula a hannu. Manaja ya sa shi a zauren wayar masu motocin sanyi, ya rubuta a ƙasa a yi hattara da wannan. Masu irin motocin nan a Legas ba su da yawa, duk sun san juna.

Direban da ya yi hatsari yakan samu wata mota. Wanda ya kwana a hanya da kaya ma yakan samu. Wanda aka ce ya sayar da dizal ya gama.

Ya faɗa mini wannan a ƙofar masallaci yana neman takalminsa. Bai roƙe ni komai ba. Kullum ba ya roƙona komai.

Asabar, 4 ga Oktoba, da safe

Na rubuta rahoto na farko. Zafin lodi, robar ƙofa, rashin yaron mota. Duk gaskiya ne. Na karanta, na ga Manaja zai ɗora yatsa a kan haƙoran ya ce waɗannan fa? Na yaga.

Asabar, bayan azahar

Na biyu. Na rubuta cewa an buɗe ƙofa sau da yawa saboda dalilai na hanya. Dalilai na hanya! A Apapa da wani ƙaramin ma'aikaci ya kawo mini irin wannan, da na jefa masa a fuska.

Litinin, 6 ga Oktoba, da hantsi

Na uku ya tsaya. Shafi huɗu, da Turanci, da lambobi, da awa da minti. Ban sa sunan kowa ba sai nawa. Na rubuta cewa ni, Hadi, mai kula da injin sanyi, na umarci direba ya bar titi ya shiga ƙauye, kuma tsayuwar nan ita ta ƙarasa naman. Na rubuta cewa inji bai mutu ba, direba bai saci komai ba. Na buga kwafi biyu.

Ban ba Manaja ba. Na kai wa Alhaji har falonsa. Ya karɓa da hannu biyu, ya auna nauyinsa kamar mai sayen goro, ya ce, "Duk wannan?" Na faɗa masa abin da ke ciki da Hausa, a tsaye. Da na zo kan shinkafa ban ambaci suna ba, na ce dai har daga Yauri an ɗauko. Ya ɗan rufe ido.

Ya tura takardar ƙarƙashin matashin kujera. Ya ce, "Za a zauna, Injiniya."

Talata, 7 ga Oktoba

Na haɗa kayana a jaka biyu, ko da za a ce in fita. Ba wanda ya zo.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ba wanda ya zo. Manaja ya wuce ni sau biyu yana waya.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan magariba

An zauna yau bayan la'asar a zauren Liman. Alhaji, Manaja, Liman, dattawa huɗu, ni, da Hamani a bakin ƙofa kusa da takalma. Na ƙirga waɗanda ke da buhu a motar nan a cikin zauren. Mu huɗu ne, ban da Alhaji da shinkafar tsohuwarsa.

Liman ya buɗe da addu'a, ya yi magana mai kyau a kan haƙuri da ƙaddara. Ya ce Alhaji ya yi halin manya, ya janye ƙara, zai mayar wa Hamani lasisinsa, ba zai nemi komai a hannunsa ba. Abin da ya rage, Hamani ya nemi gafara a wuce wurin.

Na ce ina da magana.

Liman ya ce, "Bismillah, Malam Hadi, a taƙaice."

Na miƙe. Ban san me ya sa na miƙe ba, ba a miƙewa a zaure. Na ce Hamani bai kashe inji ba, ina da shaida. Na ce nama da zafinsa aka loda shi. Na ce an buɗe ƙofa sau goma sha ɗaya don saƙonnin mutanen unguwar nan, kuma mafi muni a ciki nawa ne, ni na tura shi cikin taɓo saboda buhun gero. Na ce in akwai ɓarawo a wannan magana, ba shi ne yake zaune kusa da takalma ba.

Kowa ya dubi tabarma. Wani dattijo ya shiga cire zare daga bakin rigarsa.

Liman ya gyara murya. "Malam Hadi, Allah ya saka da alheri. Amma ba tone-tone ya tara mu ba. Wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa, Allah zai rufa nasa."

Na ce, "Asirin wa ake rufawa, Allah gafarta malam? Shi nasa a waya yake, kowa yana gani."

Na ce abu ɗaya nake roƙo: Manaja ya cire hoton, ya rubuta a wurin cewa kuskure aka yi.

Manaja ya ce, "Baba Injiniya, ka san abin da kake cewa kuwa? 'Yan inshora in suka ji an haɗa nama da albasa, ko sisi ba za su bayar ba. Direba ya yi laifi, wannan suna ganewa. An riga an tura musu."

Na ce da sa hannun wa?

Ya ce an samu wani injiniya a Ikeja.

Alhaji ya ɗaga hannu, ɗansa ya yi shiru. Ya ce, "A bar maganar nan haka. Hamani, ni ban taɓa kiranka ɓarawo da bakina ba."

Gaskiya ne. Bai taɓa ba.

Sai Hamani ya durƙusa ya ce, "Ku gahwarta mini, na yi kuskure." Na ce kada ka faɗa. Ya juyo ya ce, "Injiniya, zamna. Don Allah zamna." Na zauna. Aka shafa fatiha. Manaja ya ciro lasisi daga aljihu ya ajiye a kan tabarma, bai miƙa masa a hannu ba.

Da za mu fita Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce gobe in duba motar, ranar Alhamis za ta koma da sabon direba. Ko korar ma ba su ga na kai a yi mini ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na kwance jakunkuna. Robar ƙofa tana nan yadda take. Na liƙe ta da salatif.

Laraba, 15 ga Oktoba, da safe

Sabon direban ɗan Gusau ne, mai fara'a. Tun kafin ya tashi na ji Sunusi yana karɓar lambar wayarsa.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Hamani bai zo masallacinmu ba. Ramatou ta ce tun Talata yake fita da asuba zuwa kasuwar Mile 12.

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan la'asar

Na ɗauki kwafi na biyu na rahoton na tafi Mile 12. Mota biyu na hau. Na yi tunanin in yana da takardar a hannu, da sa hannuna da lambar diflomata, wataƙila wani mai mota a Ibadan ko Fatakwal ya duba.

Na same shi wajen masu tumatir, ana sauke tirela. Taɓo har idon sawu, ruɓaɓɓen tumatir ko'ina. Mutum mai shekara hamsin a layin 'yan dako, kwando a ka, ruwan tumatir yana bin wuyansa. Bai iya ba tukuna, yana riƙe kwandon da hannu biyu, sauran suna tafiya hannu sake suna yi masa tsiya. "Direba, sa giya ta biyu mana!" Shi ma yana dariya.

Da ya sauke ya gan ni. Ya goge hannu a wando kafin ya ba ni.

"Injiniya, lahiya? Ya mai jego? Ya jinjiri?"

Na ce suna lafiya. Na ba shi takardar, na yi masa bayani. Na ce duk gaskiyar tana ciki, har da sunana.

Ya buɗe, ya dubi shafi na farko, ya juya na biyu inda zanen yake. Ya bi haƙoran da yatsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar yana tuna garuruwan. Turancin Ingilishi bai iya ba, na Faransa ma aji uku ya yi.

Ya ce, "Ka sha wahala. Na gode."

Na ce ya kai wa masu mota.

Ya ce, "Wa za ya karanta shahi huɗu don direba?"

Daga kan tirela aka ƙwala masa kira, layi ya zo kansa. Ya duba jikinsa, wandon ba aljihu mai kirki, rigar ta jiƙe sharkaf. Sai ya cire gammon da ke kansa, ya ninke takardar biyu, ya sake ninkewa, ya cusa ta a tsakiyar tsumman, ya mayar a ka.

"Nan ba ta jiƙewa," in ji shi.

Ya durƙusa, mutum biyu suka ɗora masa kwando a kai. Ya miƙe da ƙyar, ya shiga cikin mutane. Na tsaya a wurin har wani mai baro ya ce, "Baba, in ba saye za ka yi ba, ba mu hanya."